Digirin Tarihi da Bashin Karatu: Da Wane Albashi Za a Biya?

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello suka fito, akwai gidajen da murnarsu kan zo rabi da rabi. Yaro ya cike karatun lauya yana hangen harabar Kongo, ko ya cike aikin jarida, sai sunansa ya fito a Sashen Tarihi a Samaru. A yi masa barka, a sa masa albarka, can da dare mahaifin ya kira shi gefe ya ce, "To kai, in ka gama wannan, me za ka zama?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai digiri digiri ne." An daɗe ana wannan tambaya a gidajen Zariya. Abin da ya sauya shi ne daga 2024 an samu bashin karatu na gwamnatin tarayya, saboda haka yaron da ke shiga aji ɗaya yau zai iya fitowa da takarda biyu a hannu: shaidar digiri, da lissafin kuɗin da ake bin sa. Tambayar uban ta ƙara nauyi ke nan, kuma lallashi ba zai amsa ta ba, sai an zauna an yi lissafi.

Ni dai a ganina bashin kansa mai sauƙi ne, ya fi kusan kowane bashi da ɗan Najeriya zai iya samu sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne albashin da za a cire biyan a ciki. Kuma ƙuncin da mai digirin Tarihi yake sha wajen neman wannan albashi, kaso mai yawa nasa gwamnati ce ta jawo shi da hannunta.

Bari mu fara da yadda bashin yake. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023. Waccan doka ta zo da sharuɗɗan da suka kusa kashe ta tun tana jaririya: sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai ka kawo mutum biyu masu tsaya maka daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi ko makamantansu. Ɗan manomin Giwa ko Soba ina zai samo waɗannan? Aka soke ta, aka sake rubuta wata, shugaban ya sa mata hannu a watan Afrilun 2024, aka cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsayawa. Asusun da ake kira NELFUND ya buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun shekarar. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne lambar JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da kuma makarantarsa ta tura sunansa. Kuɗin rijista ana biyan su kai tsaye ga makaranta, ɗalibi ba ya taɓa su. Sai kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, waɗanda ke shiga asusun ɗalibin in ya nema. Babu ruwa a kan bashin ko na kwabo. Ba a fara biya sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi daga wurin mai biyan albashin. Mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa ta wata. Wanda bai samu aiki ba, doka ta ba shi damar yin rantsuwa ya nemi a ɗaga masa ƙafa, wanda ya rasu kuma za a iya yafe masa.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Waɗannan lambobi misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce kuɗin rijistar ɗalibin Tarihi naira 75,000 ne a shekara. A shekara huɗu sun zama 300,000. A ce ya karɓi kuɗin kashewa wata goma a kowace shekara. 200,000 ke nan a shekara, 800,000 a shekara huɗu. Jimla miliyan 1.1. Idan Allah ya ba shi aikin da ke biyan 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000, ya gama biya cikin wata 110, wato shekara tara da wata biyu. Idan kuwa makarantar kuɗi ya samu a Tudun Jukun ko Muciya, inda ake ba malami 40,000, to 4,000 zai riƙa biya, kuma sai ya yi wata 275, kusan shekara 23. Yaron da ya gama yana ɗan shekara 25, in aka haɗa da shekarar bautar ƙasa da shekara biyun sassauci, zai kai hamsin kafin ya sauke wannan kaya. Amma dubi wanda ya ci bashin rijista kaɗai, ya haƙura da kuɗin kashewa: 300,000 a kan albashin 100,000 wata 30 ne, a kan albashin 40,000 kuma shekara shida da wata uku. Kowa ya ga cewa kuɗin makarantar ba su ne ke kumbura bashin ba. Naira 20,000 ɗin nan da ke faɗowa waya kowane wata, wadda ke ƙarewa a garin kwaki, data da hoton takardu kafin sati biyu, ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin.

Ba ina cewa kada a karɓa ba. Akwai yaran da in ba da wannan 20,000 ɗin ba, da tuni sun tattara sun koma gida, musamman bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota daga cikin birni zuwa Samaru da farashin kwanon shinkafa suka tashi tare. Amma wanda gidansu ke Zariya, yana kwana a ɗakin mahaifinsa yana cin tuwon mahaifiyarsa, ya kamata ya yi tunani sau biyu kafin ya danna wannan gurbi a fom. Kuɗin ba kyauta ba ne, ko da yake da yawa suna kiran su "alawus" kamar na bautar ƙasa.

Akwai wani ɓangare na lissafin da ba a cika faɗa ba, kuma yana taimakon mai cin bashin. Tun da babu ruwa, hauhawar farashi na cinye bashin a hankali. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ko da kashi 20 ce a shekara, darajar kuɗi na raguwa da rabi cikin shekara huɗu. Miliyan ɗayan da aka ranta yau, ranar da za a biya ta ba za ta sayi rabin abin da take saya yanzu ba. Mafi ƙarancin albashi ma ya tashi daga 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000, amma bashin wanda ya ci yana nan a lambarsa ta farko. Wannan riba ce ga ɗalibi, asara ce ga asusun. Sai dai ribar tana zuwa ne ga wanda albashinsa ke bin farashi a baya. Ma'aikacin gwamnati nasa kan motsa bayan 'yan shekaru idan ƙungiyar ƙwadago ta tada ƙura. Malamin makarantar kuɗi a unguwa ba shi da mai tada masa ƙura, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A nan ne mafi yawan masu digirin Tarihi ke fara aiki.

Mu a nan akwai kuma abin da ya wuce lissafin naira. Mutanenmu na tsoron bashi don tsoron haɗuwa da Allah da haƙƙin wani a wuya. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma babu dattijon da ke son ɗansa ya fara rayuwa da shi. Rashin ruwa ya kawar da matsalar riba, shi ya sa ɗaliban Arewa suka shiga shirin da yawa, amma ya rage wa mai ci ya san cewa niyyar biya wajibi ce tun ranar karɓa. Ina jin wasu samari na cewa ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai bi mu? An taɓa yin wannan tunanin. An kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, aka ba dubbai, da yawa ba su biya ba, shirin ya durƙushe. Aka yi dokar bankin ilimi a 1993, shi ma bai je ko'ina ba. Ƙannen waɗanda suka ƙi biya su ne suka yi shekara talatin babu inda za su ranta. Sannan 'yan mata su lura: wadda ta gama ta yi aure ta zauna a gida, bashin na nan a kan sunanta da lambar BVN ɗinta. Magana ce da ya kamata a yi ta a fili tsakanin iyaye da mai neman aure, kamar yadda ake maganar ko za ta ci gaba da karatu.

To, ina aikin? A nan sai an waiwaya baya kaɗan, don masu ganin Tarihi a matsayin kwas ɗin waɗanda aka rasa inda za a kai su ba su san wane sashe suke magana a kai ba. An buɗe jami'ar a 1962, a shekarar ne kuma Farfesa Abdullahi Smith ya baro Ibadan ya zo ya kafa Sashen Tarihi. Shi ne ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. A hannunsa da na ɗalibansa aka tattara dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malaman zaure, aka nuna wa duniya cewa ƙasar nan tana da rubutaccen tarihi tun kafin Bature ya taka ta. Daga wannan sashe Dokta Yusufu Bala Usman ya fito, wanda ya zauna a kwamitin rubuta tsarin mulki na 1975 zuwa 1976, shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu, daga baya ya zama sakataren gwamnatin jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa. Daga nan Mahmud Modibbo Tukur ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a ta ƙasa a shekarun 1980. Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi, ya shugabanci jami'ar kanta. Har a ƙasashen waje ana maganar mazhabar tarihi ta Zariya.

A wancan zamani mai digirin Tarihi ba ya neman aiki, aiki ke nemansa. Dalilin ba wani sirri ba ne. Jami'o'i biyar ne a ƙasar a 1962. An ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, kowace na buƙatar jami'an mulki, sakatarori, shugabannin makarantu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe kwalejojin horar da malamai ko'ina. Gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki, kuma abin da take nema shi ne mutumin da zai karanta fayil ya fahimta, ya rubuta takarda mai ma'ana. Mai Tarihi ya iya wannan fiye da kowa. Karatun ma kusan kyauta ne: a 1978 ƙarin kuɗin abinci da na ɗaki ne ya tada boren da ake kira "Ali Must Go", aka rasa rayukan ɗalibai a nan Samaru. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, ƙofar gwamnati ta fara ƙanƙancewa, jami'o'i kuma suka ci gaba da yawa. Yau sun haura 270, kuma hukumar bautar ƙasa na karɓar sama da matasa 300,000 a shekara. Ƙofa ɗaya ce, masu son shiga sun ninka sau ɗaruruwa. Wannan ya shafi kowa, har mai digirin injiniya da ke tuƙa A Daidaita Sahu a Kwangila.

Amma Tarihi an yi masa wani abu na daban. A 2007 aka yanke shawarar cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka fara aiwatarwa a zangon 2009 zuwa 2010, aka cusa guntayensa cikin darasin zamantakewa. A babbar sakandare ya zama na zaɓi, yara suka koma darasin Gwamnati don sun ga ya fi sauƙin ci. Cikin hujjojin da aka bayar har da cewa ɗalibai ba sa son sa, babu malamai, kuma masu digirinsa ba sa samun aiki. Ka ji hujja: masu digirin ba sa samun aiki, saboda haka a rufe babbar ƙofar da suke samun aikin. Fiye da shekara goma makarantu ba su da dalilin ɗaukar malamin Tarihi. Yaran da suka taso a wannan tsakani suna wucewa ta Ƙofar Doka kullum ba su san wa ya gina ganuwar ba, suna sallah a Masallacin Juma'a na birni ba su taɓa jin sunan Babban Gwani Malam Mika'ilu ba. Wannan abu yana min ciwo, kuma asarar ta fi ta albashi girma nesa ba kusa ba.

An dawo da darasin a hukumance a watan Nuwambar 2022, aka sanar da zaɓen malamai 3,700 don horarwa, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malami ɗari a jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 da dubban makarantun firamare, kowa ya raba ya gani. A takarda wannan babbar kasuwa ce ga masu digirin Tarihi, domin in har kowace makaranta za ta koyar da shi, ana buƙatar dubban malamai. A aikace abin da ke faruwa a makarantu da yawa shi ne a miƙa wa malamin zamantakewa sabon littafi a ce ya haɗa. Sanarwa daga Abuja take zuwa, amma ɗaukar malamin firamare da na sakandare aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Muddin jihohi ba su ware gurabe da sunan Tarihi a lokacin ɗaukar malamai ba, dawowar darasin ba za ta zama albashin kowa ba.

Sannan ga wani abu da ɗalibai da yawa ba sa sani sai sun gama. Digirin Tarihi zalla ba ya mayar da mutum malami a idon doka. Sai ya ƙara difloma ta koyarwa, wadda ake yi a Tsangayar Ilimi ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan ya ci jarabawar hukumar rijistar malamai. Shekara guda ce da kuɗinta, kuma tana zuwa daidai lokacin da aljihu ya fi bushewa. Wanda ya san koyarwa zai yi, ya fi masa ya yi tanadin wannan daga alawus ɗin bautar ƙasa, ko tun farko ya nemi digirin ilimi da Tarihi a haɗe. Aikin koyarwar gwamnati a jihar nan kuma yana da nasa tarihin: a 2017 malaman firamare 21,780 suka faɗi jarabawar gwaji aka sallame su. Duk da haka shi ne aiki mai fansho, dokar 2022 kuma ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65.

Na ga yadda rayuwar malamin makarantar kuɗi take a kusa. Saurayi mai digirin Tarihi da sakamako mai kyau, ya fito daga cikin birni da sassafe, ya shiga aji takwas saura. A jadawalinsa akwai Gwamnati, akwai darasin zama ɗan ƙasa, akwai Turanci na aji biyu saboda malamar ta haihu, Tarihin kansa sau ɗaya a sati. A jakarsa akwai littattafan yara sittin da zai duba da dare. Albashin na zuwa ne bayan iyaye sun biya kuɗin makaranta, watan hutu kuma wani wurin rabi ake bayarwa, wani wurin babu. Bayan la'asar yana da darasin gida a Hanwa, daren Juma'a kuma yana zaune a shagon POS na yayansa. A lissafin hukumar ƙididdiga wannan mutum mai aiki ne. Tun da aka sauya ma'auni a 2023, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a sati don samun kuɗi an ƙirga shi cikin masu aiki, shi ya sa adadin marasa aiki ya faɗo daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023 ba don an gina sababbin masana'antu ba. Ita hukumar dai ta ce fiye da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne. Wannan lamba ita ce babbar barazana ga NELFUND, domin an gina tsarin biya a kan cirewa daga takardar albashi, a ƙasar da mutum tara cikin goma ba su da takardar albashi.

Sauran ƙofofin sanannu ne. Aikin gwamnati a mataki na 8, Kwastan, Shige da Fice, Sibil Difens, 'yan sanda, soja ta gajeren horo, ma'aikatar harkokin waje. Yawancinsu ba sa tambayar wane kwas ka yi, sai dai masu nema dubun dubata ne, kuma zancen sayar da gurabe ya kai har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a 2023. Bankuna da kamfanoni kan sa iyakar shekaru, a nan kuma yajin aiki ya cuci yara: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Koyarwa a jami'a na buƙatar digiri na biyu da na uku, shekaru masu yawa na haƙuri da ƙaramin samu.

Inda nake ganin haske, wanda ba a cika nuna wa ɗalibai ba, shi ne a cikin sana'ar tarihin kanta. Me ake koya wa mutum a wannan sashe in an koyar da shi da kyau? Ya nemo shaida, ya auna ta, ya gane wanda ya rubuta takarda da abin da yake son ɓoyewa, ya zauna gaban tsoho ya ɗauki bayani ba tare da ya sa masa magana a baki ba, ya rubuta shafi hamsin masu kai da ƙafa. Gidajen rediyo da jaridu na Hausa na biyan kuɗi don wannan. Ƙungiyoyin da ke bincike a kan rikicin manoma da makiyaya ko na 'yan bindiga na biyan kuɗi don wannan, kuma sun fi buƙatar wanda ya iya Hausa da Fulatanci ya san ƙasar. Lauyan da ke shari'ar gona ko ta sarauta na buƙatar wanda zai shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna ya zaƙulo rahoton da wani Di'o ya rubuta shekara ɗari da suka wuce. Sai kuma rubuce-rubucen hannu. A gidajen malamai na cikin birnin Zariya, a Unguwar Juma da Kwarbai da sauransu, akwai gafakoki cike da takardun da gara da danshi ke ci. Laburaren Birtaniya na da shiri tun 2004 na ba da tallafi don ɗaukar hoton irin waɗannan takardu, kuma an yi ayyuka da shi a arewacin Najeriya. Ɗalibin da ya yi allo, ya iya karanta warash da ajami, ya haɗa da digirin Tarihi, ya iya kwamfuta da kyamara, yana riƙe da abin da ba kowane farfesa a Turai ke da shi ba. Yaranmu da yawa sun zo jami'a da rabin wannan gwaninta daga makarantar allo da Islamiyya, amma suna ɓoye ta kamar abin kunya, babu wanda ya gaya musu cewa jari ce.

Ba zan yaudari kowa ba, waɗannan ayyuka ba za su ɗauke duk masu gamawa ba, kuma yawancinsu kwangila ce ta 'yan watanni. Amma suna nuna inda bambancin yake. Mutum biyu za su fito aji ɗaya da sakamako iri ɗaya: ɗaya ya haddace takardun malami, ya sayi furojet a shagon buga takardu na bakin ƙofa, ɗayan ya je ƙauye da rikoda ya yi hira da dattawa goma ya rubuta da kansa. Na farko takarda kawai yake da ita. Na biyu ya riga ya yi aikin da za a biya shi don ya yi. Wannan nauyi yana kan ɗalibi, amma yana kan sassan Tarihi ma. Jami'o'i da dama sun sauya wa sashen suna, suka ƙara masa "huldar ƙasashe" ko "diflomasiyya" don ya yi farin jini wurin masu cike fom. Sauya allon ƙofa ba ya ƙara wa yaro komai in abin da ke cikin aji bai sauya ba. Abin da zai ƙara masa shi ne a tilasta Larabci ko Faransanci, a koyar da aikin ma'ajiyar takardu da hannu, a tura ɗalibai wata uku zuwa Arewa House ko gidan tarihi ko gidan rediyo kamar yadda ake tura 'yan kimiyya masana'antu.

Wannan muhawara ba tamu kaɗai ba ce, kuma yana da kyau a ga inda ta kai wasu. A Amurka bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6, yana da ruwa, kuma bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 adadin masu digirin Tarihi ya ragu da kusan kashi 30 cikin shekara goma, domin yaron da zai fito da bashi mai haihuwa dole ya guji kwas ɗin da albashinsa ke tashi a hankali. A Ingila kuɗin makaranta ya haura fam 9,000 a shekara, amma ba a cire ko sisi sai albashin mutum ya wuce wani mataki, sannan a cire kashi 9 na abin da ya ɗora a kan matakin, bayan shekara 30 ko 40 kuma a yafe abin da ya rage. Gwamnatinsu na haɗa bayanan haraji da na makaranta ta wallafa abin da masu kowane kwas ke samu. Likitanci da tattalin arziki ne a sama, Tarihi na tsakiya. Ostareliya kuwa a 2021 ta ninka kuɗin kwasa-kwasan irin su Tarihi fiye da sau biyu, da gangan, don ta kori ɗalibai zuwa kimiyya da aikin jinya.

Daga Ingila akwai abin da ya kamata mu ɗauka. Kashi 10 daga albashin 300,000 ragi ne da za a iya jurewa. Kashi 10 daga albashin 40,000 kuɗin abincin kwana uku ne na mai iyali. Ya kamata 'yan majalisarmu su nemi a gyara dokar a sa ƙasa: duk wanda samunsa bai kai mafi ƙarancin albashi ba, kada a cire masa komai. Ya kamata kuma a yi tunanin yafe wani kaso ga wanda ya yi shekara biyar yana koyarwa a makarantar gwamnati a karkara. Gwamnati na kukan rashin malaman Tarihi, tana kuma bin masu digirin Tarihi bashi. Hannu ɗaya ne ke riƙe da matsalar da maganinta.

Daga Ostareliya kuma akwai abin tsoro. Waɗanda suka ci bashin a ajin ƙarshe a 2024, in aka lissafa shekarar bautar ƙasa da shekara biyun sassauci, biyansu zai fara ne wajen 2027 zuwa 2028. A lokacin ne za a fara ganin nawa ke dawowa. Idan kuɗin suka dawo kaɗan, kuma da alama haka za a yi tun da yawancin matasa ba su da takardar albashi, za a nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma mafi sauƙin kamawa su ne kwasa-kwasan Tsangayar Fasaha. Za a ji masu cewa a daina ranta wa mai karanta Tarihi da Hausa da Larabci, a bar kuɗin ga likita da injiniya. Ranar da aka yi haka, ɗan mai kuɗi ne kaɗai zai iya karanta tarihin ƙasar nan, ɗan talakan da ya taso a gindin ganuwa kuma a ce masa ya nemi wani abu. Sashen Tarihi na Samaru da takwarorinsa na Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da 'yan shekarun nan kafin lokacin. Su bi sawun ɗalibansu na shekara goma da suka wuce, su rubuta inda kowa yake da abin da yake samu, su je majalisar jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya da wannan takarda su nemi gurabe da sunan darasin. Tattara shaida sana'arsu ce, kuma a wannan karon za a buƙace ta a kan teburin kasafin kuɗi.